Zoben Tangaran da Ya Kai Ni Gana

Bari in fara da abin da 'yan majalisar ƙofar shagona suka daɗe suna son ji daga bakina: ni na fasa zoben injin ruwan unguwarmu. Ba tsufan inji ba ne, ba ɗaukewar wuta ba ce, ba kuma sammu ba ne kamar yadda na bari aka yi ta yaɗawa a satin farko ban musa ba. Ni ne, Sale Mawashi na Gyaɗi-Gyaɗi, da hannuna na dama, a gaban mutum takwas da akuyar maƙwabta. Wanda kuma ya bi ni har ƙarshen takardar nan zai ga wautar tawa ba a nan ta tsaya ba.

Tun da na dawo daga Gana ba a bar ni na sha shayi da zafinsa ba. Wannan ya ce yaya teku, wancan ya ce wai da gaske ne mace ce ta koya maka washi. Na gaji da maimaitawa, ga shi kullum labarin ƙara ƙiba yake a bakina, har na fara tsoron wata rana in ji kaina ina cewa shugaban ƙasarsu ne ya tare ni a tasha. Shi ya sa na zauna na rubuta. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, shi ma rabi, don haka wanda ya ga harafi ya karkace ya miƙe shi da kansa.

Shekara ta biyu ke nan da sojoji suka koma bariki. Wani ɗan unguwarmu da ya ci zaɓe, wanda ba zan kama sunansa ba don har yanzu sahu ɗaya muke sallah, ya yi mana alkawarin ruwa. Rijiya akwai ta. Tanki ma akwai shi a sama tun zamanin soja, tantabaru ke hutawa a kansa. Abin da babu shi ne injin da zai tura ruwan sama. Rannan sai ga inji a bayan akori-kura, an shafe shi da sabon koren fenti, har kan tsatsa da gidan zanzaro. Daga baya muka ji daga wata masaƙa da ta mutu aka kwanto shi. Aka kunna, ya yi gurnani kamar abin kirki, amma ruwan ta gindinsa yake fita maimakon ya hau.

Malam Yohanna ne ya kwance shi. Mutumin Kudancin Kaduna ne, tsohon malamin makarantar koyon sana'a, ya fi shekara talatin a Unguwa Uku, kuma yana cikin kwamitin ruwa. Ni Ticha nake ce masa, shi kuma Sarkin Washi yake ce mini, ba don girmamawa ba. Ya nuna mana cewa a inda sandar injin take shiga ruwa akwai zobba biyu manne da juna fuska da fuska, baƙi mai juyawa da fari mai tsayuwa, su ke hana ruwa bin sandar ya tsere. Farin na tangaran ne, faɗinsa kamar bakin kofin shayi, amma ba irin tangaran ɗin kofi ba ne. Shekaru sun yi masa zane a fuska, siriri kamar zare, ta nan ruwan ke bi. Ticha ya ce sai an daidaita fuskar, kuma wannan ba aikin Kano ba ne.

A gabana ya faɗi haka. Shekara arba'in ina washi. Wuƙar mahauta, askar wanzamai, almakashin teloli, haƙoran injin markaɗe, babu abin da bai bi ta hannuna ba. Na miƙa hannu na ce a ba ni, kafin la'asar an sha ruwa.

Ƙarfe in ka ɗora shi a dutse magana yake yi. Tartsatsinsa ke gaya maka ko mai laushi ne ko mai taurin kai, launinsa ke gaya maka ya fara jin zafi. Wannan kuwa ko tartsatsi ɗaya bai ba ni ba, sai wani siririn kuka mai sa haƙori tsami. Na duba, dutsena ne ke zubar da gari, zoben ko a jikinsa. Jama'a na kallo. Sai na yi abin da na saba yi wa duk abin da ya ƙi jin magana: na ƙara dannawa. Ya ɗauki zafi har ya ƙona mini babban yatsa, hannuna kuma ya yi abin da ya koya tun ina yaro ba tare da ya shawarce ni ba, ya tsoma shi a gwangwanin ruwan da ke gefe. Na ji ƙas. Na sa hannu na tsamo shi gida uku.

Ɗan siyasarmu ya shiga gari yana cewa shi ya cika alkawari, wani tsoho ne ya yi wa dimokuraɗiyya zagon ƙasa. Mata suka ci gaba da zuwa Unguwar Gano ɗiban ruwa, kuma hanyar ta gaban shagona ta bi. Ba wadda ta zage ni. Gaisuwa kawai suke yi mai tsawo, da bokiti a ka. Mahauta suka fara kai wuƙaƙensu kasuwar Tarauni. Mai ɗakina Yalwa ta daina zuwa biki don an raɗa mata suna matar mai zobe, kuma ba ta ce mini komai ba, wanda ya fi faɗa ciwo.

Oga Emeka mai kayan inji ya zagaye Sabon Gari da Ƙofar Ruwa da gutsattsarin a hannu, ya dawo ya ce babu irinsa, ƙasar da ta ƙera injin ma ita kanta ta watse. Ya ba mu kwatancen wani mutum a Ikko. Kwamiti ya zauna ya yanke cewa wanda ya fasa shi zai tafi, Ticha kuma ya raka ni a matsayin baki, tunda nawa bakin an ga abin da ya jawo.

Muka hau doguwar mota. Na ƙulle gutsattsarin a hankici na cusa a aljihun ciki kamar laya. Sojoji dai an ce sun koma bariki, amma katakon ƙusoshinsu sun bar shi a hanya, wasu sun gaje shi. Wani mai tallar magani ya tsaya a tsakiyar mota tun daga Zariya, kwalba ɗaya tana maganin basir da mantuwa da rashin sa'ar kasuwa. Na tambaye shi ko tana ɗinke tangaran, ya ce in sha safe da yamma in gani.

A Ikko muka sami mutumin a wata rumfa ƙarƙashin gada, Bayarabe mai furfura, ma'aikatansa na zubewa ƙasa in za su gaishe shi. Na ce wa Ticha ka ga inda ake sanin darajar mai sana'a. Ya juya gutsattsarin, ya auna, ya girgiza kai. Ya ce wannan abu dutse ɗaya ne ke cinsa, dutsen daimon, nasa kuwa ya cinye tun zamanin soja bai sami wani ba. Ni a sanina daimon abin wuyan matan manya ne, ban taɓa jin ana washi da shi ba. Ya ce mu wuce Tema a ƙasar Gana, akwai wata mata da suka koyi aiki tare, ita ke yi wa jiragen ruwa da masu haƙar zinariya irin wannan. Da na ji an ce mace ce sai na yi dariya. Ni kaɗai na yi.

Iyaka uku muka ƙetare. A ta farko Turancin Ticha ya mutu murus, don mutanen can Faransanci suke ji. Mutumin da ya shekara talatin yana gyara wa 'ya'yan mutane Turanci sai ga shi yana magana da hannu kamar ni. Ban taɓa jin daɗin tafiya kamar wannan sa'ar ba. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ga tauri, in ka gutsura sai dasashi ya yi jini. 'Yan acaɓarsu duk riga iri ɗaya suke sawa mai lamba a baya, ba kamar namu ba da in ya kaɗe ka sai dai ka bar shi da Allah. Da rana ta take kuma sai su rufe shaguna su tafi cin abinci, ko da mai saye na tsaye. Mu a Kano ko gawa aka fito da ita sai an sallami mai saye.

A iyaka ta biyu wani jami'i ya lalube ni ya ci karo da ƙullin. Ya kwance, ya ga abu fari sumul, ya kira na gaba da shi. Wani Bazabarme mai tallar agogo ya yi mana tafinta, ya ce wai hauren giwa ne na ɗauko. Na ce giwar da ke da haure mai rami a tsakiya kamar awarwaro ai sai a kai ta gidan kallo. Bazabarmen ya yi mini alheri bai fassara ba. Jami'in ya zaro 'yar wuƙarsa don ya kankara ya gani. Ya kankara, ya ƙara ƙarfi, sai wani baƙin layi ya fito. Ya sa yawu ya goge, layin ya tafi. Ashe ba zoben ya zanu ba, wuƙar ce ta bar jikinta a kai, bakinta ya kwanta. Fuskarsa ta canja. Na roƙi a ba ni wuƙar, na kama gutsure ɗaya na goga ta a kai sau biyar nan, sau biyar can, na aske gashin hannuna a gabansa. Shi ke nan na jawo wa kaina. Wannan ya kawo almakashi, wancan ya kawo reza, wani ya aika gida aka kawo wuƙar matarsa. Kafin in gama motarmu ta gaji ta tafi. Muna zaune a bakin hanya muna jiran wata, Ticha ya ce in lura da kyau: abin da na ɗora a kan dutse, shi kansa dutse ne, ya ma fi nawa. Na ce ai na lura tun a Kano, ban dai faɗa ba ne.

A Gana muka sauka a zango, gidan wani Alhaji da kakansa ya zo fataucin goro daga Kano bai koma ba. Bai taɓa ganin Kano ba, amma ya fi ni sanin sunayen ƙofofinta, kuma ya yi fushi da na ce masa yanzu gari ya fito waje, mu 'yan bayan ganuwa mun fi yawa. Hausarsu tana nan da ranta, sai dai ta ɗan sha ruwan teku. Da safe aka kawo shinkafa da wake ja-ja-jir, an tula mata taliya da garin rogo da ƙwai da baƙin yaji mai ƙarnin kifi, duk a ganye ɗaya. Garau-garau ne da ya sami muƙami. Da yamma kuma dokunu, wani curin masara mai tsami a naɗe cikin ɓawonta. Lomar farko na ɗauka ya lalace ne, na daure na haɗiye don kada in kunyata mai gida. A kwana na uku ni ke neman ƙari. Ranar Asabar na ga jama'a cikin baƙi da ja, ga kiɗa ga rawa ga lemo, na tambaya wa ke aure. Aka ce jana'iza ce, mamacin ma ya fi wata guda a sanyi yana jiran a gama shiri. Na ce mu kam in ka mutu da hantsi, kafin azahar har an fara manta ka. Ticha ya ce ni dai mata masu bokiti ba za su manta da ni ba.

Wurin matar ba rumfa ba ce. Ɗaki ne rufe ruf, mai sanyi, ya fi ɗakin haihuwa tsabta, sai ka goge ƙafa sau biyu kafin a bar ka ka shiga. Anti Efuwa suke ce mata, gajeriya, furfura fat, tabarau rataye da igiya. A gefen zango ta tashi, don haka tana jin Hausa, ni dai na ɗan gyara mata ita a rubutun nan. Ta zazzage ƙullin a kan farin ƙyalle ta tambaya wa ya yi wannan aiki. Na ce wani mutum ne a unguwarmu. Tari ya sarƙe Ticha.

 Ta shafa wa gutsure ɗaya wani jan ruwa, ta bari ya jima, ta goge tas, ta fesa masa farin gari. Muna kallo sai ga jajayen layuka suna fitowa daidai inda na danna, sirara, masu rassa kamar jijiyar ganye, a wurin da idona da farcena suka rantse lafiya lau yake. Ta ce wannan shi ne sa hannun mutumin. Wallahi ya fi wanda na yi a takardar ƙetare iyaka kyau. Ta kalli tabon ƙunar da ke babban yatsana, ta ce in na koma in gaishe shi.

Sannan ta yi mini karatun da ban nema ba. Ta ce ƙarfe in ka matsa masa lanƙwasawa yake, ya ba da kai, ya yi zafi ya canja launi ya gargaɗe ka, in ka ɓata ka sake gyarawa. Tangaran bai san lanƙwasa ba. Ko ya tsaya yadda yake, ko ya tsage. Washinsa ma ba yanka ba ne, ɓantara ce ƙanana-ƙanana da ido ba ya gani. In ka yi a hankali, ɓantarar a sama take tsayawa. In ka danna, sai ta zama tsaga ta nutse ciki ta kwanta tana jiran ranarta. Ta ce zoben nan tun a kan dutse ya mutu, ruwan gwangwani sanarwa kawai ya yi.

Na ce mata shekara arba'in ina wannan sana'a ba a taɓa dawo mini da aiki ba.

Ta ce, “Baba, shekara arba'in ƙarfe yana yafe maka, kai kuma kana cewa gwaninta ce.”

Na waiwaya in ga ko Ticha ya ji. Har ya rubuta a bayan tikitin mota.

Ta ɗauko wani farin zobe da ya ɗan fi namu girma, wanda ba a taɓa ba. Ta ce kafin a gasa irinsa laushi gare shi kamar alli, ko da wuƙa ka sassaƙa shi, amma in ya fito daga wuta ya ƙanƙance ya taurare, daimon kaɗai ke jin maganarsa. Na matsu in ga dutsen daimon ɗin nan. Da ta nuna mini sai raina ya ɓaci: faifan ƙarfe ne kawai, da ɗan siririn baki mai kaushi kamar an barbaɗa yashi, ko ƙyalli babu. Ta ɗaure zoben, ta kunna, wani farin ruwa kamar tsinkakken nono ya dinga kwarara a kai ba tsayawa, don kada zafi ya taru ko na ƙiftawar ido. Takan murɗa hannun injin layi ɗaya tak, dutsen ya wuce, ya dawo. Abin da yake ɗebewa a wucewa ɗaya, in ka tsaga gashin kai gida goma, bai kai kashi ɗaya ba. Wani lokaci ma ba ta ƙara komai, sai ta bar dutsen ya yi ta wucewa haka nan har kukansa ya ɗauke. Ni a wurina wannan zaman banza ne da wutar lantarki. Sau biyu hannuna yana kai kansa wajen injin, a na uku ta sa na zauna a kan tafukana kamar ɗan makaranta. Gefen zoben kuwa da kanta ta bi shi ta kashe masa kaifi, ta ce baki shi ne inda ya fi saurin ɓantarewa, kuma duk tsaga daga ƙaramar ɓantara take samun ƙofa.

Kwana uku muna abu ɗaya. A na ƙarshe aka koma kan wani faifan ƙarfe shimfiɗaɗɗe, aka shafa masa toka-tokar man da ta ce garin daimon ne a ciki, tana zagaya zoben a kai da yatsu uku kamar mai lallashin jariri. Ta ba ni gutsuren tsohon in gwada. Ban yi zagaye biyar ba ta ƙwale mini yatsu da fensir, wai ina dannawa. Ni ban ma san ina yi ba. Da ta gama ta ɗora wani gilashi mai kauri a fuskar zoben ƙarƙashin fitila mai ruwan ɗorawa, sai ga layuka baƙaƙe sun bayyana, miƙaƙƙu kamar sahun Idi. Ta ce in sun miƙe, fuska ta daidaita. Ta ɗora a kan nawa gutsuren, wanda farcena ya ce sumul yake, layukan suka murɗe kamar hanyar cikin kasuwar Kurmi. Daga nan ta ɗauko wani zoben irinsa daga aljihun tebur, ta goga fuskokinsu, ta ɗaga na sama, na ƙasa ya biyo shi. Babu gam, babu komai, tsabar daidaito ne har iska ba ta samun wurin shiga. Na yi a'uziyya a zuci. Na ɗauka na biyun na wani mai jirgi ne.

Ta naɗe namu a auduga cikin ɗan akwati ta miƙo mini da sharuɗɗa: ba dutse, ba magagari, ba guduma, kada yatsa ya taɓa fuskar, kuma a ɗaure ƙusoshi kaɗan-kaɗan bi da bi. Na ce ai ni ba yaro ba ne. Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau, sannan ta ja Ticha gefe suka yi ƙus-ƙus da Turanci. Na ɗauka zancen cocinsu ne, na ba su wuri.

Dawowa ba ta da labari, sai dai a iyaka ta biyu an gane ni, an kuma fito da wuƙaƙe.

Muka iso Gyaɗi-Gyaɗi aka tare mu kamar mun dawo daga Makka. Ɗan siyasarmu nan da nan ya sa ranar buɗewa, ya aiko da rumfa da kujeru da makaɗa. Ni kuma na zauna a majalisa ina ba da labarin gilashi da fitila. Ana cikin haka Ɗanlami mahauci, wanda wuƙaƙensa har lokacin suna Tarauni, ya tambaya a cikin aikin wanne ne nawa. Na fara kame-kame. Ya ce ashe dai dako na je yi, mace ta yi aiki, Sarkin Washi ya ɗauko. Aka yi dariya har da masu wucewa.

A nan sai na yi muku bayanin wani abu, ba don ya wanke ni ba. Mahaifina da ya koya mini sana'a ya ce mawashi ba ya miƙa abu sai ya yi masa shafar ƙarshe a dutsensa, ko da wani ne ya wasa, ko da sabo ne daga kanti. Wannan shafar ita ce sunanka a jikin abin. Ban taɓa miƙa ko allura ba tare da ita ba. Ranar buɗewa da hantsi na janyo ƙofar shago rabi, na buɗe akwatin, na ce wa kaina ai fuska ta hana, ba ta hana gefe ba. Na san ta hana. Na kunna dutse na taɓa bakin zoben a kai, taɓawar da ba ta kai tsawon bisimilla ba. Na duba a haske. Babu komai sai wani ɗan ɗigo da bai kai rabin ƙwayar riɗi ba. Na goge da gefen riga na mayar cikin auduga, na fito ina jin kaina daidai. Har na tsaya na gaya wa Ɗanlami cewa na ƙarasa ɗan abin da suka bari.

Ticha ya ɗaura shi yadda aka ce, ƙusa bayan ƙusa. Aka kunna. Gindin inji ya bushe ƙayau, bututu ya yi rawa, muka ji ruwa na faɗawa cikin tanki, tantabaru suka watse. Mata suka rangaɗa guɗa. Na hango Yalwa a cikinsu, karo na farko da ta fito taro. Ɗan siyasa ya karɓi lasifika ya yi bayanin ribar dimokuraɗiyya, sannan ya tattare babbar riga ya durƙusa gefen injin, ya dafa shi don a ɗauki hoto.

Duk da kalangu, na ji ƙas ɗin. Sautin da na sani ne, ko a kabari zan gane shi.

Ruwa ya yi tsiri ta gindin inji ya sami mai girma a ƙirji, ya cire masa hula. Kalangu ya tsaya. Ticha ya kashe inji ya kwance, ya zaro zoben gida biyu, ya juya shi a rana. Tsagar daga ɗan ɗigona ta tashi, ta ratsa har ɗaya gefen, miƙaƙƙiya kamar da ma'auni aka ja ta. Ɗanlami ya juyo ya kalle ni, duk taron suka bi idonsa. Na nemi Yalwa ban gan ta ba.

Ticha ya goge hannu a tsumma a natse, ya buɗe jakarsa ya fito da wani ɗan akwati irin nawa sak.

“Sarkin Washi,” in ji shi, a gaban kowa, “guda biyu ta yi. Ta ce wancan na hannunka ne, wannan na injin. Ta ce kada in nuna maka shi sai ka gama.”

Ya roƙe ni in zuba hannuwana a aljihu, na zuba. Ya ɗaura, aka kunna. Daga ranar har yau da nake rubutun nan ruwa bai yanke ba sai in an ɗauke wuta. Ɗan siyasa ya sake ɗaukar hoto daga nesa, da aron hula. Mahauta sun dawo da wuƙaƙensu, don na Tarauni ya cika cin ƙarfe, sai dai yanzu in sun miƙo sai sun ce in yi a hankali, ba tangaran ba ne. Gutsattsarin guda biyar suna cikin gwangwani a shago, da su nake yi wa aska shafar ƙarshe, kuma ba a taɓa samun aska irin tawa ba a Kano. Wannan ma yabon kai ne, na sani.

Da yammacin ranar buɗewar na shiga gida na tarar da Yalwa tana cika randa, bokiti na farko daga famfon ƙofar gida. Don in rage shirun sai na zauna a kan turmi na kwashe labarin Anti Efuwa na gaya mata, har da wanda ban faɗa a majalisa ba: yadda ƙarfe ke lanƙwasa ya ba da kai in an danna shi, yadda tangaran ke haɗiye tsaga ya yi shiru sai ranarsa ta zo, da maganar shekara arba'in ana yafe mini. Ta saurara har na gama. Ta juye sauran ruwan, ta rufe randa da faifai, ta yi mini tambayar da har yau ina wasa wuƙa ina juya ta a raina.

“To Malam, da a ce da irin tangaran ɗin nan aka yi ni, shekara nawa kake jin da mun yi?”